Foldar da Ba Ta Yi Ƙaura Ba

Ranar Litinin da safe, ma'aikata ko jakunkunansu ba su gama ajiyewa ba, Baba Injiniya ya fito daga ofishinsa, ya tsaya a tsakiyar ɗakin zane da gilashi a goshi, ya ce an yi masa sata.

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon nan shi ya kafa kamfanin tun yana zana wa mutane gidaje da fensir a kan teburin cin abinci, kuma har yanzu da ya miƙa wa 'yarsa ragamar komai, in ya yi gyaran murya kowa sai ya gyara zama. Ya ce folda guda ce ta ɓace daga kwamfutarsa. Ranar Juma'a da yamma tana nan, yau babu ita babu dalilinta. Sai idanu suka koma kan Dogo.

Dole su koma kansa. Dogo ne mai kula da kwamfutocin ofishin, shi ne kuma ya ɓata ƙarshen makonsa yana kwashe fayilolin kowa daga tsohuwar saba, wato na'urar da ke gurnani a ɗan ɗakin ƙarƙashin bene tana riƙe da aikin ofishin gaba ɗaya, zuwa sabuwar da aka kawo. Abin da ya ƙara dagula zancen, Dogo mijin Manaja ne, 'yar Baba Injiniya tilo.

"Kai ka kwashe kayan," in ji tsohon, ba tare da ya dube shi ba. "Kai ka san abin da ka zubar, ka kuma san wanda ya sa ka."

Dogo ya sunkuyar da kai, don ba ya mayar wa surukinsa magana. Sai da tsohon ya koma ofis ya buga ƙofa, sannan ya matsa kusa da matarsa ya ce mata a hankali zai ƙarasa aikinsa, ya goge tsohuwar sabar tas kafin masu karɓarta su zo da yamma kamar yadda aka yi da su, ya ajiye makullai a teburinta, daga nan ya nemi aiki a wani wuri. Manaja ta ɗauki waya ta kira Gwaggo.

*

Gwaggo ƙanwar Baba Injiniya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi shekaru tana aikin ceto bayanan da suka salwanta a kwamfutocin manyan ofisoshi, har aka laƙaba mata Mai Bin Sawu, sannan ta ajiye aiki ta koma gida tana jinyar gwiwa da faɗa da kajin maƙwabta. Ta iso da ƙatuwar jakarta da lema, tana haki, tana tsine wa matakalar benen da yayanta ya zana da hannunsa.

"Ina mai laifin?" ta ce tun daga ƙofa.

Dogo ya taso ya durƙusa ya gaishe ta, idanunsa jawur. Ta dube shi sama da ƙasa, ranta ya sosu, don tana son yaron nan, amma ba ta nuna ba.

"Tashi ka kai ni wurin gawar."

Ya wuce gaba zuwa ɗan ɗakin ƙarƙashin bene, ya buɗe, ya sa kai, sai ji kake ƙum, goshinsa ya daki saman ƙofar. Ya dafe wurin ya ci gaba da tafiya kamar ba shi ba.

"Sannu. Har yanzu ba ka saba da ita ba?"

"Ai ni da ƙofofi ba ma shiri, Gwaggo. Gidan hayarmu ma haka nake fama."

Na'urori biyu ne a ciki, tsohuwar ta yi ƙura tana nishi, sabuwar tana sheƙi. Gwaggo ta ja kujera ta zauna, ta sa shi ya buɗe foldar Baba Injiniya a kan tsohuwar, ya buɗe ta a kan sabuwar, ta jera su gefe da gefe tana bi da yatsa. Daidai suke, ko fayil ɗaya bai bambanta ba. Abin da tsohon yake nema ba ya cikin sabuwar, ba ya kuma cikin tsohuwar.

"To, ka ga ba a hanya ta faɗi ba," ta ce. "Kuna ajiye kwafi?"

Ya ce kullum bayan an tashi daga aiki na'urar tana ɗaukar kwafin foldojin kowa da kanta. Suka buɗe na Juma'a, babu. Na Alhamis, babu. Suka yi baya har Gwaggo ta gaji da kallo, babu ranar da wata baƙuwar folda ta taɓa bayyana a wurin tsohon.

Ta kaɗa ƙafa. Sannan ta miƙe, ta tura Dogo waje, ta kulle ɗakin, ta jefa makullin a jakarta.

"Gwaggo, masu karɓar na'urar fa suna zuwa da yamma."

"Su zo. In sun matsu su karɓa a hannuna."

*

Ta sami yayanta a ofishinsa ya juya wa ƙofa baya, ya sha mur, yana kallon taga.

"Yaya, ina kwana."

"Wa ya kira ki?"

"Ihun da ka yi ne ya kai har unguwarmu." Ta zauna ba tare da an ce mata ta zauna ba. "Me ke cikin foldar?"

"Kayana."

"Na san ba kayan maƙwabta ba ne. Wane irin kaya?"

"Kayana na ce miki."

"To sunanta fa?"

"Ba ta da suna. Yadda kwamfuta ta haife ta haka na bar ta."

Gwaggo ta yi tsaki. Tun suna yara haka yake, in ya kafe ko jaki ya shafa masa lafiya. Ta tambaye shi a ina yake ajiye ta, sai ya dafa kwamfutar ya ce a nan ciki, ina kuma? Ta ce tun yaushe take nan, ya ce an fi shekara, kuma kullum sai ya buɗe ta.

"Yaya, na duba kwafin ajiya na watanni. Ba ta ciki."

Sai a lokacin ya juyo. Ba fushi ta gani a fuskarsa ba, tsoro ta gani, irin na wanda aka ce masa gidan da ya kwana a ciki jiya ba a taɓa gina shi ba.

"Ke ma kin shiga cikinsu?" ya ce. "Yaron nan ya san inda take. Uwata ce ta sa shi ya bincika, ya gano, ya share."

Uwata yake kiran 'yarsa tun tana zanen goyo, ko a cikin fushi bai iya canza mata suna. Gwaggo ta tashi ta fita, zuciyarta ba daɗi.

*

Sakatariya tana jiran ta a bakin ƙofa, bakinta cike da magana. Mace ce mai kirki, sai dai in labari ya shiga kunnenta ba ya kwana.

"Gwaggo, ni fa ban ce komai ba," ta fara, ta rage murya. "Amma ranar Juma'a, da kowa ya watse ina zagayawa ina kwashe shara, na ga Ɗan Gayu a gaban babbar firinta, ya soka filash a kwamfuta, yana waige-waige. Ni ba ruwana. Kwandunan shara kawai nake bi, su ma ban da na Baba, don shi ya hana a taɓa nasa, wai da kansa yake zubarwa. To ina wucewa sai ya zare filash ɗin wuf ya sa a aljihu. Kuma an ce wani kamfani na zawarcinsa."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Ɗan Gayu shi ne mai zanen da ya fi kowa hannu a ofishin, ya kuma fi kowa turare. Da Gwaggo ta tsaya a kansa ta miƙa hannu ta ce ya ba ta filash, sai ya yi tsuru-tsuru, ya fara rantse-rantse tun ba a tuhume shi ba.

"Wallahi Gwaggo ba abin da kike zato ba ne."

"Ni ban zaci komai ba tukuna. Kawo."

Ta soka a kwamfutarsa ta buɗe. Hotuna ne reras, kuma duk na mutum ɗaya. Ɗan Gayu a jikin motar da ba tasa ba, Ɗan Gayu ya dafa bishiya, Ɗan Gayu yana kallon nesa kamar an yi masa albishir. Ashe firintar ofis mai launi yake lallaɓawa yana buga su manya-manya, zai kai wa yarinyar da yake nema.

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗan nan, Allah ya shirye ka. Wannan na bishiyar kar ka kai mata, za ta zaɓi bishiyar."

Da ya ga ba kora a ciki sai bakinsa ya buɗe. Ya leƙa hagu da dama, ya ce shi dai akwai abin da ke damunsa, amma yana jin nauyin faɗa.

"Faɗi."

"Baba fa kwanakin nan sai a hankali. Watannin baya na gan shi ya lallaɓo ta bayan Dogo yana tsaye yana gyara waya a bango, ya zaro tef ya auna shi daga dunduniya har ƙeya. Dogo bai ma sani ba. Ya nannaɗe tef ɗinsa ya koma ofis yana magana shi kaɗai. Gwaggo, anya akwai foldar nan kuwa?"

Dariyar Gwaggo ta ɗauke. Ta zare filash ɗin ta ajiye masa, ta ce ya kama bakinsa.

*

A kan matakalar bene ta sami Manaja zaune, ta haɗa kai da gwiwa. Mace ce da 'yan kwangila ke shakkar muryarta, amma yau ta koma yarinyar da Gwaggo ta sha goyawa. Gwaggo ta lallaɓa gwiwarta ta zauna kusa da ita.

"Faɗa min gaskiya, 'yata. Kin sa mijinki ya taɓa kayan ubanki?"

"Wallahi ban sa shi ba, Gwaggo." Ta share hanci. "Amma ni ina dubawa. Tun da ciwon suga ya taɓa masa ido likita ya hana shi zane, ya ce in ya ci gaba da ƙura wa kwamfuta ido zai rasa ganin da ya rage. Na ce ya zauna a gida ya ƙi. Na ce to ya zo ya sha shayi ya yi wa mutane faɗa ya koma, amma ban da zane. Shi ya sa kullum in ya tafi nake buɗe foldarsa in gani ko ya karya doka. Ya sani, na gaya masa."

"Kin taɓa ganin wani abu?"

"Ko sau ɗaya. Tsofaffin takardu ne kawai da hotunan Mama, Allah ya jiƙanta." Muryarta ta karye. "Gwaggo, ni wanne zan zaɓa? Ko dai mijina maƙaryaci ne, ko ubana ya fara ruɗewa. Tun safe nake juya su, na rasa wanda zan iya ɗauka."

Gwaggo ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta. Ita ma tsoron ya kama ta, don ta tuna yadda mahaifinsu ya ƙare yana neman takalmin da ke ƙafarsa. Amma wani abu yana mata ƙaiƙayi a rai. Wanda ya ruɗe ba ya ɓoye sunan abin da yake nema, faɗa yake yi ta yi har a gaji. Yayanta kuwa ɓoyewa yake.

"Yaushe kike dubawa kika ce?"

"Bayan ya tafi gida."

"Kwafin ajiya ma bayan an tashi yake ɗauka," Gwaggo ta faɗa a hankali, kamar da kanta take. Duk wanda ya nemi foldar nan da yamma ya neme ta. Mutum ɗaya ne ya ce yana ganinta, shi kuma da rana yake gani.

*

Ta koma ofishin tsohon, ta tarar ya fita wanke fuska. Ta zauna a kujerarsa ta dudduba. Ta ja aljihun tebur, ba komai sai magani da tsofaffin fensira, an jera su tsaf kamar ana jiran mai bincike. Ta leƙa bayan littattafai, ta ɗaga matashin kujera. Gumi ya karyo mata, ta zaro tishu ta goge wuya, ta dunƙule ta jefa a kwandon shara da ke ƙarƙashin teburin. Bai shiga ba, ya faɗi gefe. Ta sa ƙafa ta jawo kwandon, sai ta ji ya yi nauyin da takarda ba ta yi.

Ta sunkuya. Takardun da ke sama an cukuikuye su, amma sun yi ja don daɗewa, ba sharar jiya ba ce, ba ta makon jiya ba ce. Ta ɗaga su. A ƙasa ga wani gwangwani mai murfi, ta buɗe, cike yake da alewa, wasu an ci an nannaɗe ledar an mayar.

"Ka ji mutum!" ta ce. "Mai ciwon suga!"

Ta ɗaga kai ta dubi fuskar kwamfutar da ke gabanta. Can a kusurwa ga ɗan hoton kwandon shara, fanko, sabo fil kamar sabuwar sabar da yake zaune a kai. Ta dubi kwandon da ke tsakanin ƙafafunta, ta sake duban na kwamfutar. Sai ta kwashe da dariya, tana yi hawaye na zubo mata, don dutsen da ke kan ƙirjinta tun a matakala ya sauka. Yayanta lafiyarsa ƙalau. Wayo ne ya yi masa yawa.

Ta jefa gwangwanin a jakarta, ta mayar da takardun, ta rungumi kwandon ta fito. A daidai lokacin motar masu karɓar na'ura ta tsaya a ƙofar gida tana hon.

*

Ta tara su duka a ɗakin zane, gaban babban allon da ake nuna wa masu gida zanensu. Baba Injiniya a kujera ya harɗe hannu, Manaja a tsaye bayansa, Dogo can jikin bango, Sakatariya da Ɗan Gayu sun yi cirko-cirko. Ta aika aka ce wa masu motar su sha ruwa su jira. Sannan ta dangwarar da kwandon a tsakiyar tebur.

Tsohon yana ganin kwandon ya zabura, ya sauke hannayensa.

"Ba ɓarawo a ofishin nan," in ji Gwaggo. "Ɗan Gayu tawadar firinta kawai yake sha, wannan tsakaninsa da Manaja. Dogo, zo nan. Da ka kwashe kayan mutane, me ka bari a baya?"

"Ban bar komai ba, Gwaggo. Foldar kowa da foldojin da ake haɗuwa a kansu duk na kwashe."

"Har da sharar kowa?"

"A'a. Ai ba a kwashe kwandon shara in ana ƙaura. Abin da mutum ya zubar da hannunsa ne, ɗaukarsa ɓata wuri ne. Kowa haka yake yi."

"Ni ma haka nake yi, kuma daidai ka yi. Kwafin ajiya fa, yana ɗaukar shara?"

"Ba ya ɗauka."

Gwaggo ta juya ga yayanta, ta ɗora hannu a bakin kwandon tana murmushi. "Yaya, kai za ka faɗa, ko in zazzage wannan a gaban 'yarka mu ga irin sharar da kake tarawa?"

Tsohon ya harare ta, ya dubi kwandon, ya dubi jakarta da ta yi wani kumburi, ya gane an gama da shi. Ya cire gilashi ya shafa fuska.

"Kullum in zan tafi gida nakan jefa ta a kwandon sharar kwamfuta," ya ce da ƙyar. "Da safe in dawo da ita. Uwata tana bincika ko'ina, amma ba ta taɓa leƙa shara ba. Yau na buɗe na ga wayam."

"Baba!" in ji Manaja. "Fiye da shekara?"

"To me ya hana ka faɗa tun safe?" Gwaggo ta tambaya.

"In na faɗa, gobe a ina zan ɓoye?"

Sakatariya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta zaro makulli ta miƙa wa Dogo, sai a lokacin ya gane cewa da ba a ƙwace makullin nan ba, da tuni ya goge na'urar da abin da ke cikinta da hannunsa. Ya tafi da sauri ya haɗa tsohuwar sabar da babban allon, ya dawo ya buɗe kwandon sharar surukinsa na kwamfuta. Ga ta nan kuwa ita kaɗai, folda marar suna, an jefa ta ranar Juma'a da yamma.

"Kar a buɗe," in ji tsohon. "Ban gama ba."

"Za a buɗe," in ji Manaja. "Ina so in ga abin da ya fi maka idonka."

Dogo ya dubi surukinsa yana jiran izini. Tsohon ya kau da kai, ya ɗaga hannu alamar a yi abin da aka ga dama.

Zanen gida ne ya cika allon. Ba babba ba, amma kowane layi a wurinsa, irin aikin da ake gane hannun mai shi ko bai sa suna ba. Manaja ta matsa kusa, ita ma sana'arta ce, ta fara karantawa. Ta gane filin, na mahaifinta ne da ya daɗe yana cewa ba na sayarwa ba ne. Ta ga kicin da tagarsa ta fuskanci gabas, yadda take yawan cewa tana so. Ta ga ɗakin yara, ta ga wani ɗan ɗaki mai sanyi marar taga da aka ja masa wayoyi ta ko'ina. Sannan idonta na aiki ya tsaya a kan wani abu, ta nuna da yatsa, muryarta na rawa.

"Baba, ka yi kuskure a nan. Ƙofofin nan sun wuce ƙa'ida. Duk gidan, har ta banɗaki, ka ƙara musu tsayi."

"Ban yi kuskure ba."

"Sun yi tsayi da yawa, Baba."

"Ke kaɗai za ki bi ta ciki?" ya ce da faɗa-faɗa. "Shekara nawa ina jin kan yaron nan yana dukan ƙofofina? Na auna shi. Na ƙara masa har da na hula."

Ɗan Gayu ya ce "Tef ɗin nan!" ya dafe kai. Ba wanda ya kula shi. Manaja ta durƙusa a gaban ubanta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, tana cewa ai da ya faɗa da ta zauna ta zana masa yana gaya mata. Shi kuma yana shafa kanta yana cewa in ta zana ai ba kyauta ba ce kuma. Dogo yana tsaye a jikin bango, hawaye na bin fuskarsa, bai ko share ba.

Tsohon ya ɗago ya kira shi. Dogo ya zo ya durƙusa.

"A gaban mutane na zarge ka," in ji Baba Injiniya, "a gaban mutane zan roƙe ka. Ka yafe min, ɗana."

"Haba Baba, wallahi ba komai. Ni ne ban tambaya ba."

"Wa zai tambayi mutum ko yana ajiya a shara?" in ji Gwaggo tana fyace hanci. "Sai dai daga yau ka riƙa tambaya, tunda Allah ya haɗa ka da irin danginmu."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi bayan kuka. Nan take Manaja ta yanke hukunci: foldar za ta koma sabuwar saba, za a sa mata suna, kuma daga yanzu Baba zai zauna a gefe ya riƙa faɗa, Ɗan Gayu ya riƙa ja masa layi, a madadin tawadar da ya sha. Tsohon ya yi gunaguni ya ce yaron ba ya iya zana matakala, amma bai ƙi ba. Sai Manaja ta juyo ta dubi kwandon da ke kan tebur.

"Gwaggo, shi wannan me ke ciki?"

"Shara," in ji Gwaggo, ta miƙa wa Sakatariya. "Daga yau a riƙa kwashe shi kullum, har ƙasa."

Da ta zo wucewa ta gaban yayanta, ya riƙo bakin jakarta ya raɗa mata ta bar masa ko guda ɗaya. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kana so ka ga gidan nan da idonka ko ba ka so?"

Ya sake ta.

Dogo ya kwafe foldar, ya buɗe ta a sabuwar saba ya nuna wa tsohon har sau biyu, sannan ya shiga ɗan ɗakin ƙarƙashin bene ya goge tsohuwar. Masu mota suka sake yin hon. Ya rungumo na'urar a ƙirji ya nufo waje, hankalinsa na kan wayoyin da ke jan ƙasa, sai ji kake ƙum.

Duk ofishin aka ce "Sannu!" baki ɗaya.

Baba Injiniya ya sauke gilashinsa daga goshi zuwa hanci, ya dubi surukinsa da ke tsaye yana lumshe ido don zafi.

"Ƙara haƙuri, ɗana," ya ce. "Saura kaɗan."